Maƙoƙon Da Ba Ya Fitowa A Wuya

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Funtuwa ko ta Malumfashi kafin shekarun 1990, da wuya ya rasa tuna wata dattijuwa, ko a dangi ko a unguwa ko a cikin masu tallar daddawa ranar kasuwar Ɗandume ko ta Bakori, wadda ke naɗe wuyanta da gefen mayafi ko da kuwa ana tsakiyar zafin bazara. Kowa ya san abin da take rufewa. Maƙoƙo ne, kuma a wancan zamani ba a ɗauke shi ciwon zuwa asibiti ba, sai dai a ce ruwan rijiyar garinsu ne, ko gado ne, ko kuwa jifa aka yi mata. A yau mutum zai iya zagaya waɗannan kasuwanni tun hantsi har la'asar bai yi arba da irin wannan wuya ba sai jefi-jefi, kuma wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Sai dai ya bar mu da wani kuskure, wato zaton cewa tunda kumburin ya ja baya, to ciwon ma ya tafi ke nan.

Abin da ya fitar da ni daga wannan zato a cikin gidanmu ya faru. Matar ƙanena, wadda ke zaune a wani ƙauye tsakanin Bakori da Ɗanja, ta haihu lafiya, aka yi suna, aka gama wanka. Bayan kamar wata biyar sai ta fara ramewa alhali cin abincinta ya ƙaru. Zuciyarta na bugawa kamar wadda ta yi gudu, gumi na karyo mata a tsakiyar hunturu lokacin da kowa ke neman bargo, barci ya ƙaurace mata, hannunta na rawa har ta kasa zura zare a allura. Abin da ya fi damun mutanen gida shi ne faɗa. Yarinyar da aka sani da haƙuri ta koma abu kaɗan sai tsawa da kuka. Sau uku ana kai ta wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, sau uku ana cewa taifod ce, ana ɗura mata ruwa da allurai. Da abin ya ƙi, sai aka koma ga hayaƙi da rubutu.

Ranar da na ce a kai ta Zariya, mahaifiyarmu cewa ta yi, "Kai dai ka cika son asibiti. Yarinyar nan iska ce ta taɓa ta, ai ga wuyanta nan sumul, wane irin maƙoƙo kuma?" Ita kuwa marar lafiyar ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, don Allah a kai ni ko'ina ne. Wallahi ba da son raina nake wannan faɗan ba." A lokacin maganar saki ta riga ta fara yawo a gidan.

Likitan da ya duba ta bai daɗe ba. Ya ƙirga bugun jininta, ya sa ta miƙe hannuwa ya ɗora takarda a kai yana kallon yadda take karkarwa, ya dubi idanunta, ya sa ta haɗiyi ruwa yana shafa wuyan, sannan ya rubuta gwajin jini. Da sakamako ya fito, wani abu da aka rubuta TSH ya yi ƙasa har na'ura ta kasa ƙirga shi, wani kuma mai suna T4 ya ninka iyakarsa. Kwalba ɗaya ta jini, wadda ba ta kai cikin cokalin shayi biyu ba, ta warware abin da wata takwas na kashe kuɗi da zargin juna suka kasa warwarewa. A kan wannan kwalba nake son mu yi magana.

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai ɓangare biyu da likitoci ke kira tayirod, wadda nauyinta a jikin babba bai cika wuce giram 20 ba. Aikinta shi ne ta ɗebi sinadarin aidin daga abin da muka ci, ta sarrafa wasu sinadarai biyu, T4 da T3, ta zuba su cikin jini. Su ne ke tsara saurin da jiki ke tafiyar da al'amuransa, tun daga bugun zuciya da ɗumin jiki da narkar da abinci, har zuwa al'adar mata da ɗaukar ciki da ginuwar ƙwaƙwalwar jariri. In suka yi yawa, sai jiki ya zama kamar injin niƙan da aka ƙure wa wuta, irin abin da ya sami matar ƙanena. In suka yi kaɗan, komai sai ya yi sanyi: kasala, jin ɗari, ƙiba ba dalili, bushewar fata, taurin bayan gida, mantuwa, kumburin fuska, zubar jinin al'ada da yawa, ɓari ko rashin haihuwa. Mai karatu ya sake duba waɗannan alamomi, zai ga babu ɗaya a cikinsu da ba mu da wani suna da muka riga muka ba ta. Wannan mu ce shawara, wancan mu ce basir ko sanyi ko taifod, in ta taɓa hali kuma mu ce iska. Mata sun fi maza kamuwa da ciwon ninki biyar zuwa takwas, kuma mata ne aka fi saurin yanke wa hukuncin lalaci ko rashin kunya.

Akwai ma wani abu da ya keɓanci wannan yanki namu. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka yi rubutu mai yawa kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau da kewayenta, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Wannan bincike ya yi suna a duniya, kuma a kansa aka tarbiyyantar da likitocinmu. Don haka idan mai jego ta zo da bugun zuciya da haki, hankalin kowa can yake tafiya, kuma ba laifi ba ne. Amma kimanin mace biyar cikin ɗari tayirod ɗinsu kan rikice a shekarar farko bayan haihuwa, kuma kunne da sifikar likita kaɗai ba za su raba waɗannan biyu ba.

Me ya kori kumburin wuyan da muka saba gani? Gishiri. Ƙasar da ruwan sama ya daɗe yana wankewa, musamman mai nisa da teku, takan rasa aidin, sai amfanin gonar da ya fito daga cikinta shi ma ya rasa. Tayirod kuma in ta rasa abin aiki sai ta yi ta girma tana lalube, shi ne maƙoƙo. Wasu abinci na ƙara dagula lamarin: binciken da aka yi a Darfur ta ƙasar Sudan ya nuna cewa dogaro da gero kaɗai yana tsananta maƙoƙo a inda aidin ya yi ƙaranci, haka ma rogon da ba a jiƙa ya tsumu ba, kamar yadda aka gani a Kwango. Ƙasar Suwizalan ta fara zuba aidin a gishiri a 1922, Amurka ta bi baya a 1924. A nan gida, binciken ƙasa na 1993 ya nuna kusan kashi 20 cikin ɗari na waɗanda aka duba suna da maƙoƙo, kuma a wannan shekara aka wajabta sanya aidin a gishirin ci. Hukumar NAFDAC, musamman a zamanin marigayiya Dora Akunyili, ta matsa wa kamfanoni lamba, har a 2005 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida ta cika wannan sharaɗi. Babba na bukatar maikirogiram 150 ne kacal na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Saura dai a kula da gishirin dabbobi da ake tsakura daga buhu a sa a miya don ya fi araha, da wanda ake bajewa a faranti yana shan rana da raɓa.

To amma gishiri maganin rashin aidin ne kawai. Bai hana ciwon da Bature Robert Graves ya bayyana a 1835 ba, inda garkuwar jiki ke juyowa ta yi ta zaburar da tayirod, bai kuma hana wanda likitan Japan Hashimoto ya bayyana a 1912 ba, inda garkuwar ke cinye tsokar a hankali har ta mutu. Hasali ma, a Zimbabuwe an ga ƙaruwar masu yawan aikin tayirod a shekarun 1990 bayan fara sa aidin a gishiri, galibi tsofaffi masu daɗaɗɗen maƙoƙo. Waɗannan nau'o'i sau da yawa ba sa kumbura wuya yadda na nesa zai gani. A ɗaya gefen kuma, mutum na iya ɗauke da maƙoƙo kamar ƙwarya alhali sinadaransa daidai suke. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma labarin tayirod sai dai a tambayi jini.

Yanzu bari mu shiga ɗakin gwajin. Abin da ya fi rikita mutane, har da masu ilimin boko, shi ne gwajin farko da ake yi ba na sinadarin tayirod ba ne. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake mai suna fituwitari, shi ne ke sa ido kan tayirod, yana aika mata umarni ta hanyar sinadarin TSH. Mu ɗauke shi kamar makaɗin gayya. Idan manoma suka fara sanyi a kunya, sai ya ƙara wa ganga wuta yana kirari. Idan suka ɗauki zafi har suna neman sare shuka, sai ya sassauta, ko ma ya yi shiru. Wanda ke bayan tudu bai ga manoman ba, amma da jin ƙarar ganga ya san halin da gona ke ciki. Don haka in TSH ya hau, tayirod ta yi kasala ke nan, in ya faɗi ƙasa, ta wuce gona da iri. Na sha ganin mutum ya riƙe takardar sakamako yana cewa tayirod ɗinsa ta yi yawa don ya ga lambar TSH ta yi sama, alhali akasin haka ne. Dalilin da ya sa ake fara sauraron ganga kuwa shi ne, ɗan canji kaɗan a T4 yakan sa TSH ya ninka sau da yawa, saboda haka shi ne ke fara tona asiri tun ciwo bai bayyana ba. A yawancin ɗakunan gwaji, lambar babba mai lafiya takan faɗa tsakanin 0.4 da 4.0 ko kusa da haka, a ma'aunin da ake rubutawa mIU/L, amma kowace na'ura da tata iyakar, kuma wajibi ne a rubuta ta a jikin takardar.

In TSH ya kauce, sai a auna T4. Nan ma akwai tarko. Fiye da kashi 99 cikin ɗari na T4 da ke cikin jini a ɗaure yake jikin wasu sinadarai masu dakonsa, ba ya aikin komai. Ɗan mitsitsin da ke sake shi ne mai aiki. Ciki da ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ƙara yawan 'yan dakon, sai jimillar T4 ta hau alhali mace lafiyarta ƙalau. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa yake neman sakakken T4, wanda ake rubutawa FT4, ba jimilla ba. T3 kuwa amfaninsa ya fi yawa idan ana zargin yawan aiki, wajen gano kasala ba ya ƙara komai sai kuɗi. Wannan batu na kuɗi ba ƙarami ba ne ga manomin da zai sayar da masara kafin ya zo. Sinadaran gwajin daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Rubuta wa kowa TSH da T4 da T3 a tashi ɗaya, kamar yadda ya zama al'ada, ɗora wa talaka nauyi ne. A ganina, in ba alamomin sun fito ƙarara ba, ko ana zargin matsalar daga fituwitari take, a fara da TSH kaɗai, a ajiye sauran jinin a firji, in ya kauce a ci gaba da shi ba sai an sake kiran mutum ba.

Ta yaya ake auna abin da bai kai ƙwayar gero ɗaya a cikin tafki ba? Shekaru da dama likitoci sun yi ta kewaye, suna auna iskar da mutum ke shaƙa ko yawan aidin da ke cikin jini, har zuwa 1960 lokacin da wasu masu bincike biyu a birnin Niyok, Rosalyn Yalow da Solomon Berson, suka fito da wata dabara. Sun lura cewa sojojin garkuwar jiki kowannensu abu ɗaya tak yake kamawa, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Sai suka mai da su tarko: a zuba su a jini, su cafke sinadarin da ake nema, a ƙirga abin da suka kama ta hanyar wata alama mai fitar da tururin nukiliya. Wannan aiki ya ba Yalow kyautar Nobel a 1977. Matsalarsa ita ce alamar tana da haɗari, tana kuma lalacewa da wuri. A 1971 Engvall da Perlmann a ƙasar Suwidin suka maye gurbinta da alamar da ke canza launi, wato hanyar ELISA, wadda har gobe ake amfani da ita a ɗakunan gwaji da yawa a ƙasar nan: faranti mai ramuka 96, a ɗiga ruwan jinin kowane mutum a raminsa, a wanke, a ƙara sinadari, na'ura ta karanta kaurin launin. Manyan asibitoci kuma sun koma ga na'urorin da alamarsu ke fitar da haske, waɗanda ke iya ganin TSH har ƙasa zuwa 0.01, alhali gwajin farko-farko bai iya ganin abin da ya gaza 1 ba, don haka bai iya bambance mai lafiya da mai yawan aiki. Yanzu har akwai ƙananan na'urori da ba su fi rediyo girma ba, masu ba da sakamako cikin kamar minti 15, ko da yake ba su kai manyan kaifin gani a can ƙasa ba.

Faranti mai ramuka 96 yana da wani sirri da ya kamata mai zuwa gwaji ya sani. Ba a buɗe shi don mutum ɗaya, domin kowane zagaye sai an ɓata ramuka wajen saita ma'auni da jinin tabbatarwa wanda aka riga aka san lambarsa. Shi ya sa ake ce maka ka dawo bayan mako, ana jiran a tara mutane. Shi ya sa kuma marar tsoron Allah zai iya tsallake jinin tabbatarwar don ya rage asara, kuma takardar da zai ba ka ba za ta nuna ba. A ƙara da cewa sinadaran nan sai an ajiye su a sanyin digiri 2 zuwa 8, a garin da wuta ke ɗaukewa kwana da kwanaki kuma zafin Afrilu ke haura digiri 38. Dokar 2003 ta ɗora wa Majalisar Kula da Kimiyyar Gwaje-gwajen Lafiya ta Nijeriya alhakin yi wa ɗakunan gwaji da ma'aikatansu rajista. Ba rashin kunya ba ne mutum ya nemi ganin shaidar rajistar, ya kuma tambayi abin da ke riƙe firjin in an ɗauke wuta.

Ko da ɗakin gwaji ya yi aikinsa daidai, marar lafiya da likita na iya ɓata sakamako. Mafi yawan kuskuren da ake yi shi ne auna tayirod alhali mutum na kwance da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko wata babbar rashin lafiya, domin a irin wannan hali jiki da kansa yake rage T3, TSH ma yana tangaɗi, sai a ɗora wa mutum maganin ciwon da ba shi da shi. In ba dole ba, a jira ya warke da makonni. A farkon ciki TSH kan sauka da kansa, don haka iyakar mai ciki daban take. Sai kuma wani sabon abu da ya shigo da kasuwar gyaran jiki ta intanet, wato ƙwayoyin ƙara tsawon gashi da ƙarfin farce masu ɗauke da sinadarin bayotin mai yawa. Na'urori da dama da bayotin suke haɗa tarkonsu, saboda haka wanda ke cikin jinin mace sai ya rikita lissafi, TSH ya fito ƙasa, T4 ya fito sama, tamkar mai ciwon Graves. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan a 2017. A daina shan su aƙalla kwana biyu kafin gwaji, a kuma gaya wa likita. Haka duk wani maganin ƙiba ko na ramewa ko na bilicin, domin wasunsu na ɗauke da sinadaran da ke danne TSH. Azumi dai ba sharaɗi ba ne ga wannan gwaji, amma ya fi kyau a riƙa yin sa da safe kuma a wuri ɗaya, don a iya kwatanta na yau da na baya.

A wajen matar ƙanena sai da aka ƙara gwaji na uku, na sojojin garkuwar da ke zaburar da tayirod, kuma dalilin da likitan ya bayar ya burge ni. Ya ce, "Malam, mai jego iri biyu ce. Akwai wadda tsokar ce ta yi rauni ta tsiyayar da abin da ta tara, wannan za ta lafa da kanta cikin watanni, in na ba ta maganin danne tayirod na cuce ta. Akwai kuma mai Graves, wadda in ban ba ta ba zuciyarta za ta gaji." Nata Graves ne. Aka ɗora ta kan ƙwayar kabimazol, tare da kashedin cewa duk ranar da ta ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ta dakata da shan maganin ta zo a ƙirga fararen ƙwayoyin jininta a ranar, kuma kada ta sake ɗaukar ciki ba tare da an yi shawara an duba maganin ba. Masu kasalar tayirod kuma ƙwaya ɗaya ce a rana, lebotayiroksin, yawanci har iyakar rayuwa. Ana shan ta da ruwa zalla rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. A ƙasar da waken suya ya zama amfanin gona na kowa, awara da madarar waken suya suka shiga kowane gida, ya kamata a sani suna hana maganin shiga jiki, haka ma ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wajen awon ciki, wadda ya kamata a raba ta da shi da awa huɗu. Kuma in an canza yawan magani, ba a sake gwaji sai bayan mako shida zuwa takwas, domin makaɗin yakan ɗauki lokaci kafin ya gane manoma sun canza taku. Kumburin da ake ji kamar ƙwallo a wuya kuwa, jini ba ya faɗin ko daji ne ko ba daji ba, wannan aikin hoton sikanin ne da tsotso ɗan nama da siririyar allura.

Abin da ya rage shi ne nisa. Mutumin Funtuwa ya fi kusa da asibitin koyarwa na Shika a kan Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, na Malumfashi kuma kan bi ta Dayi da Gwarzo ya faɗa Kano. Ga wanda zai taso daga ƙauyukan Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara, inda matsalar tsaro ta daɗe tana sa mutane lissafin lokacin fita da na dawowa, tafiya biyu, ɗaya ta ba da jini ɗaya ta karɓar sakamako, ta isa ta sa a haƙura. Alhali ruwan jinin da aka tace aka sa a sanyi yana iya kwana da yawa TSH ɗinsa bai lalace ba. Ƙasar nan ta riga ta san yadda ake wannan, domin da babura ake kwasar majinar masu tarin fuka da jinin masu cutar ƙanjamau daga ƙananan asibitoci zuwa manyan ɗakunan gwaji, sakamako ya dawo. Ban ga abin da zai hana kwalbar TSH hawa wannan babur ba. Abin da nake roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina shi ne ta mai da manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi cibiyoyin wannan gwaji masu tabbataccen sinadari da firji mai aiki da hasken rana, asibitocin Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume su riƙa aiko da jini a ranar da aka tsayar kowane mako, a kuma sa TSH cikin abin da inshorar lafiya ta jiha ke biya, aƙalla ga masu ciki da masu jego da matan da ke yawan ɓari. Wannan yanki ba baƙon irin wannan aiki ba ne. A shekarun 1970 asibitin Malumfashi na cikin asibitocin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a nan aka yi shahararren binciken cututtukan karkara tare da makarantar likitancin ƙasashe masu zafi ta Libaful, wanda aka buga sakamakonsa kan tsargiya da saran maciji a mujallun duniya.

Akwai rukuni ɗaya da ba zai iya jiran alamomi ba, wato jarirai. Kimanin jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ana haihuwarsa da tayirod marar aiki. A makonnin farko ba a ganin komai, sai ma a riƙa yabonsa da cewa ba shi da rigima, yana ta barci. Kafin a lura da katon harshe da cibiyar da ta turo da shawarar da ta ƙi washewa, ƙwaƙwalwa ta riga ta taɓu, taɓuwar da ba ta gyaruwa. In kuwa aka gano aka fara magani cikin mako biyun farko, yaro zai tashi ya yi karatu kamar kowa. Lardin Kebek na ƙasar Kanada ya fara gwada kowane jariri tun 1974, ta hanyar tsaga dunduniya a ɗiga jini kan wata takarda ta musamman a bar shi ya bushe. Wannan takarda ba ta bukatar firji, kuma ma'aikatan lafiyarmu sun riga sun iya aiki da irinta wajen gwajin ƙanjamau na jarirai. Ba a ɗibar jinin a ranar haihuwa domin TSH kan yi tsalle a sa'o'in farko, an fi so daga kwana na biyu zuwa na biyar, wato kafin a yanka ragon suna. Har yanzu wannan gwaji bai shiga cikin abin da ake yi wa kowane jariri a asibitocinmu ba, kuma makarantar ungozoma da ke Malumfashi wuri ne da ya dace a fara koyar da shi.

Matar ƙanena ta mayar da jikinta, auren kuma yana nan. Mahaifiyarmu har yanzu ba ta janye maganar iska ba, sai dai ita ce ke tuna mata da ƙwaya kowace safiya. Duk bayan wata uku ita da mijinta suna fitowa bayan sallar asuba, su hau babur zuwa bakin titi, su shiga motar Funtuwa, daga nan su kama ta Zariya, a ɗebi jinin cikin minti biyu, su juyo. Bayan mako ƙanena ya sake komawa shi kaɗai ya karɓo takardar.